Gwangwanin da Yaya Ya Tono

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma Yaya ya riga mu komawa. Ya rasu da hantsi a flat ɗinsa na Abbey Wood a London, yana zaune a kujera, takalman robarsa na shiga laka suna ƙafarsa. Ɗansa ne ya cire masa su.

Kafin la'asar falo ya cika. Tsofaffin da suka yi shekaru suna kiran sa Mai Haƙa a bayan idonsa, su ne a sahun gaba, carbi a hannu, ido ya yi ja. Wani ya ce marigayi mutum ne mai haƙuri. Na kusa sheƙewa da dariya a gidan rasuwa, Allah na tuba. Wani ya ce bai taɓa faɗa da kowa ba. Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ban san mutumin da suke yabo ba. Yayana mai taurin kai ne, mai gardama, wanda in ya ce eh ko duniya za ta taru ba zai ce a'a ba.

Duk wannan na haɗiye. Abin da ya ƙi haɗiyuwa shi ne maganar Hajiya, matar da na taɓa zama a gidanta a Peckham ina budurwa. Ta shigo da sandarta, jikarta tana riƙe da ita, ta zauna a kujerar da ta fi kowace laushi, ta share hawaye da gefen mayafi ta ce, "Wannan bawan Allah shi ya ceci raina. Da bai tono abin da aka binne min ba, da tuni an manta da ni."

Ba ta dube ni ba. Sauran matan ma ba su dube ni ba, sai dai kowacce ta tsura wa kafet ɗin da ke kusa da ƙafata ido. Duk wanda ke ɗakin ya san wadda ake cewa ta yi binnewar.

Daga baya ɗan Yaya ya same ni a kicin ya ce, "Gwaggo, ki rubuta mana wani abu nice, mai daɗin ji, a kan Baba, kar a manta da shi." Na ce masa zan rubuta, amma nice ɗin nan ba ni da shi, sai dai abin da na gani da idona.

Gwamnati ce ta turo Yaya London karatun aikin ruwa a shekarun saba'in, lokacin da kuɗin man fetur ya haukata mutanenmu. Wanda bai ga zamanin nan ba ba zai yarda ba. Mutum zai sauko daga jirgi ya shiga kanti ya nuna firji, ya nuna talabijin, ya nuna kafet, ya ce a ɗaure masa duka, bai ko tambayi farashi ba. Mata suna sayen gwal kamar masu awon gero. Ɗalibai ma kowa yana tara kayan da zai loda wa jirgin ruwa.

Shi kuwa Yaya, da ya samu nasa rabon, sai ya je ya sayo na'urar gano ƙarfe a ƙasa. Sanda ce mai faranti a gindi, da ɗan akwati a wuyanta, da waya da ta tafi zuwa abin da ake toshe kunne da shi. Ranar da ya shigo da ita na ɗauka abin goge daɓe ne. Na ce, "Yaya, mutane suna sayen mota, kai wannan ka gani?" Ya ce, "Sabon abu bai san kowa ba." Haka yake magana, ya jefo maka guntuwa ya juya baya, kai ka san yadda za ka yi da ita.

Tun daga nan Asabar da Lahadi ba a ganin sa. Ko bikin wa ake yi, ko sunan wa, shi yana bakin kogi inda ruwa ya janye, ko yana wani fili tare da wasu Turawa tsofaffi masu irin cutarsa. Ya dawo da laka har gwiwa, aljihu cike da ƙusa mai tsatsa da maɓalli da guntun cokali da kwabbai da suka yi kore. Ya wanke su da tsohon burushin haƙori a cikin kwanon da nake kwaɓa fulawa idan na zo masa ƙarshen mako. Na yi faɗa har na gaji. Ya jera su a gwangwanayen madara, ya zauna yana kallon su yana murmushi shi kaɗai.

Sau ɗaya na bi shi, don in ga abin da ya raba shi da mutane. Sanyi kamar zai cire min yatsu. Na tambaye shi daɗin me yake ji a nan. Ya ce, "A makaranta fatata ake kallo. A bas fatata ake kallo. A gidan suna takalmina ake kallo, a ga ko sabo ne. A nan kowa ƙasa yake kallo, kuma in an tambaye ka, me ka samu za a ce." Sai ya cire abin kunnen ya ɗora min, ya danƙa min sandar, ya ce in yi ta sharar iska da ita a hankali.

Da fari gunji ne kawai ƙasa-ƙasa. Ina shirin miƙa masa kayansa sai abin ya yi wani siririn kuka a cikin kunnena. Ba zan yi ƙarya ba, gabana ya faɗi, faɗuwar daɗi. Ya durƙusa ya yanka ciyawa da wuƙa, ya ɗaga ta gefe, ya sa yatsa ya zaro ɗan ƙoƙon ƙarfen nan da mata ke sa wa a kan yatsa in suna ɗinki. Ya goge shi a rigarsa ya ce, "Komai da ke ƙasa daga hannun wani ya faɗi. Wata mata ta nemi wannan har ta gaji, wataƙila ma ta ce 'yarta ce ta ɓatar." Sannan ya mayar da ƙasa, ya mayar da ciyawa, ya tattaka, har ba ka gane an taɓa wurin. Wannan kam bai taɓa saɓawa ba.

To ni na ji kukan nan da kunnena, don haka na san abu biyu a kansa. Na san yana da jan rai. Na kuma san wanda ya sa abin kunnen ne kaɗai ke jin sa.

A lokacin ina karatun nas. Ɗakin Yaya ɗaya ne tal, don haka aka nema min zama a gidan wani babban ma'aikacin gwamnati ɗan garinmu da ya zo kwas, can Peckham bayan titin Rye Lane. Matarsa ita ce Hajiya, ko da yake ba ta je Makka ba tukuna. Suka ba ni ɗakin sama. Ƙanin maigidan yana karatun lauya, yana zuwa cin abinci, muka saba, manya suka shiga maganar. An fara sayen akwatunan lefe, ni ma an nuna min kalarsu.

Sai Hajiya ta haihu cikin hunturu. Babu uwa kusa, babu mai yi mata wankan jego, babu kunun kanwa, miji yana fita da duhu ya dawo da duhu. Mata ta daina barci, ta daina cin abinci, jariri yana kuka tana kallon bango. Wata rana na same ta a tsaye a bakin ƙofar baya ba takalmi, tana cewa ana kiran sunanta daga cikin ƙasa. Na taɓa ganin irin wannan a asibiti, na san yana da suna kuma yana da magani. Na ce wa maigidan a kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa. Fuskarsa ta canja. Wai ni 'yar ƙaramar yarinya na kira matarsa mahaukaciya.

Matan unguwa suka fara zarya, kowacce da nata bayanin, har suka tsaya a kan ɗaya: sammu ne, an binne mata abu a gidan. Wata kuma ta tuna ta taɓa hango ni ta taga ina tsugune a jikin katangar baya ina tonon ƙasa da cokali. Gaskiya ne, na tsuguna. Irin yakuwa na shuka, wanda Inna ta ƙullo min a ƙyalle daga gida, bai ma fito ba saboda sanyi. Na faɗa musu. Suka ce, "Allah sarki, yakuwa," suka dubi juna.

Su da kansu suka tuna da Yaya. Mutanen da ke masa dariya, yau sun gano yana da injin da ke ganin cikin ƙasa. Maigidan ya aika masa. Ni na ɗauka zai zage su ya ƙi zuwa, don ya tsani maganar tsibbu. Sai ga shi ranar Asabar bayan azahar ya sauko daga bas da sandarsa a kafaɗa.

Na tare shi a bakin ƙofa. Na ce, "Yaya, don Allah ka koma."

Ya ce, "Zan nuna musu babu komai a wurin sai ƙusa. Ki bari in wanke ki."

Na ce, "To in sandar ta yi kuka, ka wuce. Ba mai ji sai kai."

Ya ce, "Matsa min hanya."

Gidan ya cika, maza a tsakar bayan gida, mata a taga da bakin ƙofa, wanda zan aura yana tsaye yana riƙe da ƙyauren. Yaya ya fara daga inda na shuka yakuwa. Babu komai, ya faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Ya bi jikin katanga, ya tono ƙusa, ya ɗaga ta sama, ya tono marfin kwalba, ya ɗaga. Wasu har sun fara jin kunya suna tari. Na fara numfashi. Saura ɗan wuri a gindin wata bishiya kusa da ƙofar baya, daidai inda Hajiya ke tsayawa.

Faranti ya bi ta kan wurin, sai na ga kafaɗarsa ta tsaya. Ya sake bi. Ya ɗago ya dube ni. Wallahi ya dube ni, ido cikin ido, na girgiza masa kai. Babu wanda ya lura, kowa ya gaji, wani ma ya fara neman takalminsa. Taku ɗaya zai yi gaba shi ke nan. Sai ya ajiye sandar ya durƙusa.

Gwangwanin taba ne, shimfiɗaɗɗe, ya yi tsatsa, an naɗe shi da waya. Kafin ya gama kwance wayar mata sun fara salati. Ya buɗe a gaban kowa. Ƙyalle ne a ciki da ya ruɓe, a cikin ƙyallen kuma ƙasusuwan ɗan tsuntsu, da kansa da bakinsa, da wani ɗan zobe mai lambobi a ƙafarsa.

Ku da kuka san mu, ku faɗa min abin da Bahaushe zai gani a nan. Tsuntsu a naɗe, a ɗaure, a binne a bakin ƙofar mai jego. Wata ta faɗi zaune. Hajiya ta ƙwalla ƙara daga ciki.

Yaya kuwa dariya ya yi. Dariya! Ya ce, "Haba jama'a, ai tsuntsun keji ne, irin koren nan da Turawa ke kiwo a ɗaki. In ya mutu yaransu sukan sa shi a gwangwani su binne a bayan gida, har da kuka. Na sha tono irinsa. Ku dubi tsatsar, wannan ya girmi zuwan ƙanwata ƙasar nan nesa ba kusa ba." Yana ta bayani yana juya zoben da yatsa, fuskarsa tana haske kamar ranar da muka samu ƙoƙon ɗinki. Maigidan ya ce, "Wane mai hankali ne zai yi wa tsuntsu jana'iza?" Kowa ya ce ƙwarai kuwa. Wani dattijo ya ce ai ɗan'uwa dole ya rufa wa 'yar'uwarsa asiri.

Kafin magariba akwatina yana kan titi. Wanda zan aura shi ne ma ya riƙe ƙofa aka fito da kayan.

Yaya ya ɗauki akwatin a ka har tashar bas, ya bar min gadonsa ya koma kwana a ƙasa tsakanin gwangwanayensa. Na daɗe ban yi masa magana ba. In na dafa abinci in ajiye masa a bakin murhu, in ya gama ya wanke kwano ya kife. Ranar da bakina ya buɗe, ba da daɗi ya buɗe ba.

Na ce, "Me ya sa ba ka wuce ba?"

Ya ce, "Da na wuce, wata rana wani zai tono, a ce na sani na ɓoye. Da ya fi muni."

Na ce, "Ƙarya kake yi, Yaya. Ba wannan ka tuna ba a lokacin. Kai dai ba ka iya jin kukan nan ka bar shi ba. So kake ka ga mene ne."

Ya sunkuyar da kai yana murza burushinsa. Duk gardamar Yaya, ranar bai musa ba, kuma har ya mutu bai musa ba.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne Hajiya ta warke. An ɗauko mata mahaifiyarta daga gida, kuma a ɓoye aka kai ta wurin likitan da na ce, na sani don a asibitin nake aiki. Amma a bakin mutane, an tono asiri mai jego ta miƙe. Wace shaida ake nema bayan wannan? Na yi aure daga baya, da mutumin da ya fi wancan lauyan komai, Allah ya jiƙansa, don haka kar wani ya ɗauka miji nake wa kuka. Sunana nake wa kuka. Na zama ungozoma, na karɓi haihuwar 'ya'yan Turawa da Indiyawa da 'yan Jamaika ba iyaka, amma a gidan sunan Bahaushe in na miƙa hannu sai uwar ta ce yaron yana barci. In na kai abinci taro, kwanona ne ke dawowa a cike.

Ba zan rage masa abin da ya yi ba, ko da ina jin haushinsa. Yaya bai koma gida da takardarsa ya zama babba a ma'aikata kamar abokansa ba. Ya zauna. Ya bi maƙwabta tsofaffi ƙofa ƙofa yana tambayar waɗanda suka zauna a gidan nan a da, har aka kai shi Croydon wurin wani Bature direban bas, ƙato mai tumbi. Da mutumin ya ga gwangwanin taban babansa da zoben nan, sai ya zauna a kan matakala ya fashe da kuka. Tsuntsunsa ne, shi ya binne shi yana ɗan yaro.

Ranar Sallah Yaya ya kawo shi zauren da jama'armu suka kama haya. Mutumin ya sa kwat da laktaye, ya tsaya gaban mutane ya faɗi sunan tsuntsun, da kalarsa, da yadda yake sauka a kan mahaifiyarsa tana wanke-wanke. Aka saurare shi da ladabi, aka cika masa faranti da shinkafa da nama, aka raka shi har bakin ƙofa. Yana fita aka ce Mai Haƙa ya yi hayar Bature.

Yaya ya so ya mayar masa da kayansa. Direban ya ce a'a, Yaya ya riƙe har sai mutanenmu sun yarda, sannan ya mayar masa da tsuntsun ƙasa. Yaya ya ce to, kuma Yaya in ya ce to an gama. Daga ranar gwangwanin nan ya koma aljihun kwat ɗinsa. Mutumin da ba ya zuwa biki ya zama ba ya fashin biki. Ana tsakiyar cin abinci zai zaro shi ya buɗe a kan tabarma ya fara bayani, mutane suna zamewa ɗaya bayan ɗaya. Aka daina gayyatar sa, ya ci gaba da zuwa. Na sha ce masa ya bari, yana ƙara tona min ciwo ne kawai. Ya ce, "Ramin nan ni na tona, ban mayar da ƙasarsa ba." Na ce ai da ka tuna da haka kafin ka durƙusa.

Ranar addu'ar uku na tarar ɗan Yaya ya tara gwangwanayen madara a kwalaye, ya ce ya yi booking ɗin motar shara ta council ta zo ta kwashe. Na ce ya yi yadda ya ga dama da su. Na je bayan ƙofa inda kwat ɗin ke rataye na sa hannu a aljihu. Yana nan.

Falo cike da mata, an gama addu'a ana cin abinci. Na ratsa su na durƙusa gaban Hajiya, da ciwon gwiwata da komai, na buɗe gwangwanin na ajiye a kan kafet. Na ce, "Hajiya, mun tsufa, ni da ke. Maigidanki ya tafi, direban ya tafi, ga Yaya ya tafi. Ki duba da idonki sau ɗaya, ki faɗa wa matan nan abin da kika gani."

Jikarta, haihuwar London ce, matar aure da tsohon ciki, ta leƙo ta ce, "Kaka, ai budgie ne, tsuntsun keji. Mu ma mun binne namu a garden muna yara."

Hajiya ta fizge hannun yarinyar baya, ta kare mata cikin da mayafinta, ta janye ƙafafunta daga kafet ta ce, "A'uzu billahi! Ashe har yanzu yana hannunki?"

Na mayar da marfin, na naɗa wayar yadda yake naɗa ta, na dafa kujera na miƙe.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka. Ni ma ina ƙoƙarin yafewa, ban dai kai ba tukuna. Ranar Asabar akwai suna a Peckham, ba a gayyace ni ba, kuma zan je. Kai ka shiga ƙasa ka huta, ka bar ni da tsuntsu a jaka.